Yadda namiji zai tara sutura ta mutunci ba tare da ƙyale-ƙyale ba

Tambaya: "Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 31, ina aikin gwamnati a nan Katsina, ina kuma ɗan taɓa kasuwanci. Kayan sawa ina da su har sun cika durowa, amma duk ranar ɗaurin aure sai in rasa wanda zan saka. Akwai mutanen da nake gani, shigarsu babu ƙyalƙyali, babu wani aiki mai yawa, amma da ka gan su ka san ƙosassu ne. Ni kuwa ko na saka mai tsada sai in ga kamar aro na yi. Don Allah ta ina zan fara, kuma nawa ya kamata in tanada?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Idan na fahimce ka, abu biyu ka dunƙule wuri ɗaya. Na farko, me ya sa wani zai shigo taro da farin yadi da hula a tashi a ba shi kujera, wani kuma ya sha shadda mai maiƙo da aiki har cibiya amma ido ya wuce shi. Na biyu, yaya mai albashi zai kai can ba tare da ya ci bashi ba. Ni tela ne, a kan keke na girma, kuma abin da zan faɗa maka a teburin yanka na same shi, da kuma kallon masu shigowa shago.

Samari kan nuna mini hotunan Turawa a waya, sanye da kayan kamfanonin Italiya irin su Loro Piana da Brunello Cucinelli, kaya masu ɗan karen tsada waɗanda ba a rubuta suna ɓaro-ɓaro a ƙirjinsu ba. Suna cewa irin wannan suke so. Amsata ita ce, waɗancan kaya yawancinsu ulu ne da kashmiya, wato gashin wata akuya mai laushi, an yi su don ƙasar sanyi. Mu nan a watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Abin da za ka ɗauka a wurinsu shi ne dabarar kawai, wato yadi mai kyau, launi mai sanyi, ɗinki daidai jiki, babu tambari. Ita kuwa wannan dabara a gida muka gan ta tun kafin waya ta zo. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi gwamnan jihar nan daga 1999 zuwa 2007, ya yi shugaban ƙasa, kuma har yau mutanen gari da sauƙin sutura suke tuna shi. Marigayi Muhammadu Buhari na Daura kusan kullum dogon kaftani ne mai ɗan aiki kaɗan da hula. Malam Aminu Kano da farin yadi aka san shi. Babu wanda ya taɓa kallon ɗayansu ya raina shi don rigarsa ba ta walƙiya.

Me ya sa naka yake kama da aro

Ban ga durowarka ba, amma na ga irinta da yawa. Galibi abin da ke ciki kayan anko ne na bikin abokai, kowanne da launin da wani ya zaɓa maka, sai kayan Sallah da aka ɗinka cikin gaggawa, sai 'yan kanti da aka saya don an ga suna yayi. Kowane kaya yana zaman kansa, babu hular da ta dace da uku daga cikinsu, babu takalmin da zai bi biyu. Shi ya sa ake cika durowa a rasa na sawa.

Dalili na biyu, kuma shi ne babba, awo. Kaya mai tsada da kafaɗarsa ta zubo, ko hannunsa ya rufe rabin tafi, dole ya yi kama da na wani, domin a gaskiya jikin wani aka auna, ko kuma jikinka na shekarun baya. Na uku shi ne hayaniya. Shadda tana sheƙi, aiki yana sheƙi, hula ta ɗauko launi bakwai, agogo kamar faifai, takalmi da ƙarfe a goshi, turare ya riga mai shi shiga ɗaki. Kowanne yana neman a kalle shi, sai mai kallo ya gane cewa an yi shiri ne don a gani. Mutanen da kake sha'awa abu ɗaya suke bari ya yi magana, sauran su yi shiru.

Yadi

A nan zan daɗe, domin a nan ake zubar da kuɗi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma gaskiya ne, sai dai samari sun ɗauka ma'anarsa ita ce duk abin da ya yi tsada ado ne. Ba haka ba ne.

Shaddar da muke kira gezna ta kamfanin Getzner ce, wanda ke garin Bludenz a ƙasar Ostiriya, kamfanin da ya faro tun 1818. Auduga ce, zanen da ke jikinta saƙa shi aka yi, ba bugawa aka yi a sama ba, sheƙin kuma daga gyaran da ake mata bayan saƙa ne. Shi ya sa ta asali ko ta sha wanki maiƙon ya ragu, zanen yana nan, jikinta kuma ƙara laushi yake yi. Ni a idona gezna ta fi kyau bayan wanki na biyu ko na uku, lokacin da ta daina ƙara tana kwanciya a jiki. Akwai shaddar Sin kala-kala, daga mai kyau ta auduga wadda babu kunya a saka ta, har zuwa wadda roba ce zalla aka shafa mata sheƙi, ruwa ɗaya ya tona mata asiri. Rubutun zinare da ke bakin yadi kada ya ruɗe ka, shi ne abin da masu jabu suka fi iya kwaikwaya. Akwai ma masu cewa tela ya bar musu rubutun nan a waje, a bakin riga, don a karanta. Wanda ya yi haka ya fita daga layin da kake tambaya.

Ga yadda nake gwada yadi idan ina shakka. In zaro zare biyu ko uku daga bakinsa, in kyasta ashana. Auduga za ta ci wuta da sauri, warinta kamar na takarda, tokarta ta murmushe a yatsa. Roba za ta nannaɗe ta narke, ta bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri. Ulu kuma warin ƙonannen gashi yake yi. Bayan haka sai in damƙe gefen yadin a hannu in saki, in ɗaga shi saitin hasken ƙofa in ga yadda saƙar ta haɗu. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ka zare ɗaya ba. Kuma ka fito da yadin waje ka gan shi a rana, domin fitilun shago suna ƙara wa launi abin da babu.

Ba ina cewa duk yadin da ke da haɗi banza ba ne. Toyobo, wanda sunan kamfanin Japan ne, akwai haɗi a cikinsa, amma na kirki yana zuba da kyau, ba ya saurin yamutsewa, kuma don zuwa ofis yana da daɗin sha'ani. Boyel na Suwizalan shi ne sarkin lokacin zafi, sai dai yana da shara-shara, dole a saka masa singileti mai kyau kuma a yi wandon da yadin da ba zai nuna ƙafa ba. Yadin ulu mara nauyi, irin na kwat, yana yin kaftani mai kyau na hunturu. Lambobin da ake rubutawa a bakinsa, 120 ko 150, suna nufin sirantar zaren ulun. Mafi siriri ya fi laushi amma ya fi saurin lalacewa, kuma a kasuwa za ka ga an buga lambar a jikin yadin da ko ƙwayar ulu babu.

Wajen saye, ko a babbar kasuwar nan ta Katsina ko ka shiga mota zuwa Kantin Kwari a Kano, abin da ya fi komai shi ne ka samu mutum ɗaya mai amana ka riƙe shi. Wanda ya san za ka dawo ba zai ba ka jabu ba, kuma shi ne zai kira ka idan kaya mai kyau ya sauka. Kaftani da wando yadi huɗu zuwa biyar ne gwargwadon jikinka da faɗin yadin, babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa goma ake yanka.

Launi ba shi da wahala. Fari shi ne uba, kuma hadisi ya zo da kwaɗaitarwa a kan farar tufa. Daga shi sai ruwan madara, ruwan toka mai haske da mai duhu, sararin samaniya, ruwan ƙasa, da shuɗi mai duhu. Waɗannan duk suna zama da juna, hula ɗaya za ta bi uku, takalmi ɗaya zai bi duka. Zanen shadda ka zaɓi ƙanana, wanda sai an matso ake gani. Galila da sauran rini masu ɗaukar ido suna da kyansu da masu su, amma ba su ne abin da ka tambaya ba. Fari yana da sharaɗi guda: a garin da hunturu ke tashi da ƙura, mai saka fari yana sanar da mutane cewa yana da mai kula da kayansa ko shi yana kula. Farin da wuyansa ya yi ja gara babu.

Tela da awo

Da za ka ce in zaɓa maka tsakanin gezna a hannun tela mai gaggawa da yadi matsakaici a hannun gwani, ba zan yi dogon tunani ba, na biyun zan ɗauka. Ba don sana'ata ce ba. Yadi sai wanda ya sani yake gane shi, zaman riga kuwa ko yaro yana gani.

Wurare kaɗan ido ke sauka. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai inda ƙashin kafaɗa ya ƙare. Hannu ya tsaya a ƙashin wuyan hannu, yadda agogo zai leƙo idan ka miƙa hannu ya koma idan ka sauke. Wuya ya kwanta, kada ya buɗe baya kada ya shaƙe, yatsa ɗaya ya iya shiga. Tsawon kaftani na taro ya wuce gwiwa ya kai wajen tsakiyar ƙwauri, na ofis zai iya ɗan ragewa. Wando ya tsaya wajen idon sawu. Wanda ke jan ƙasa, ban da maganar da malamai suka yi a kai, ko a ido ƙazanta ne, bakinsa ke fara cinyewa.

Yayin da ake yi yanzu na ɗame kaya kamar za su fashe, da wando siriri kamar an zuba ƙafa a ciki, ba na goyon bayansa, kuma dalilina na aiki ne. Kai Bakatsine ne, a rana sau nawa za ka yi sujada, sau nawa za ka tsuguna gaida babba, sau nawa za ka zauna a tabarma ka tanƙwashe ƙafa? Duk wanda ya zo gwaji a shagona sai na sa ya ɗaga hannu kamar zai yi kabbara, ya yi zaman tahiya, ya tsuguna. Idan hammata ta ja, ko tsagar gefe ta buɗe har singileti ya fito, ko wando ya kama cinya, rigar ba ta gamu ba. Mutumin da kayansa suka matse shi ba ya samun natsuwa, kullum yana jan nan yana gyara can, kuma natsuwar nan ita ce rabin abin da kake gani a jikin mutanen da kake sha'awa. Buhu ma ba a so. Tsakiya ake nema, yadda riga za ta bi jiki ba tare da ta kama shi ba.

Idan ka karɓi ɗinki, juya shi ciki. A nan ake sanin tela. Duba ko ɗinkin ƙanana ne a jere, ko an bi bakin yadin an kashe shi yadda ba zai warware ba, ko zaren ya saje da launin yadin. Duba aljihun gaba: a shadda mai zane, gwani yana yanka aljihu yadda zanensa zai haɗu da na jikin riga, har sai ka lura kafin ka ga inda aka ɗora shi. Taɓa wuya da bakin hannu ka ji gam ɗin da aka liƙa a ciki. Mai araha bayan wanki biyu zai kumbura ya yi ƙuraje, kuma babu gugar da za ta gyara shi. Maɓalli su zama ƙanana masu launin yadin, ko a ɓoye su gaba ɗaya. Ka ce a zurfafa maka aljihun gefe don waya da makulli, aljihun ƙirji kuma a bar shi ya huta. Babu abin da ke ɓata kaftani irin aljihun gaba da ya rinjayo saboda waya da biro da takardu.

Yadin auduga wanda ba shadda ba, a jiƙa shi ya bushe kafin a yanka, domin yana shiga. Gezna ba a jiƙa ta, sai dai tela ya bar ɗan rara a kalmasa. Kuma kowace shekara a sake auna ka. Maza ba sa son jin haka, amma ciki ba ya shawara kafin ya fito.

Wani sirri da ba sirri ba ne: kada ka kai ɗinkin da kake ji da shi a goman ƙarshe na azumi. A lokacin nan maigida ba ya barci, yara ne a kan kekuna, wuta tana zuwa tana tafiya, kowa yana tsaye a ka. Kai kayanka a Rajab ko Sha'aban, ko bayan Sallah da mako biyu lokacin da shago ya yi shiru. Ka biya kuɗin ɗinki ba tare da ja-in-ja mai yawa ba, ka nemi a kira ka gwaji kafin a gama. Wanda ya saba yin haka, hannun maigida ne ke taɓa kayansa.

Babbar riga da aiki

A shekarunka babbar riga biyu sun isa, fara ɗaya, mai launi mai sanyi ɗaya, kuma ko ɗaya ce tak aka yi ta da kyau za ta kai ka shekaru. Ita ce ta Idi, ta ɗaurin auren na kusa, ta ranar da za ka shiga gaban manya. Aiki ya zama launin yadin ne ko ɗan'uwansa na kusa, fari a kan fari, ruwan toka a kan ruwan toka. Aikin kwamfuta ya sauƙaƙa abubuwa, akwai mai tsabta a cikinsa, amma da yake ba ya cin lokaci sai aka maida yawa ya zama gwaninta, a cika gaba da baya har riga ta yi tauri kamar tabarma. Aikin hannu, wanda Zariya ta yi suna a kai, yana ɗaukar makonni har watanni, yana da ɗan tudu da za ka ji da yatsa, kuma yana tsufa tare da yadin. Tsofaffin zane irin su aska biyu da aska takwas ba su taɓa fita yayi ba, domin ba da yayi suka shigo ba. Idan kuɗinka bai kai aikin hannu mai yawa ba, a yi maka kaɗan a wuya da aljihu. Kaɗan na hannu ya fi buhun na inji.

Idan a gidanku akwai tsohuwar rigar saƙi ko ta tsamiya ta kaka a cikin adaka, kada a bari asu ya cinye ta. A fito da ita a sha iska, a gyara shafin, a kai bugu. Irin wannan ba kuɗi ke sayen ta yanzu ba.

Sannan ka koyi saka ta. Babbar riga tana son a naɗe hannuwanta a kafaɗa sau ɗaya su zauna, a yi tafiya a hankali. Mai gyara ta kowane taku uku an san baƙonta ne. Saka ta a gida ranar Juma'a, ka je masallaci da ita, har jikinka ya saba.

Abu ɗaya zan ja kunnenka. A Katsina da Daura sutura tana da iyaka. Alkyabba da rawani mai kunnuwa na masu su ne, kuma abin da ka gani a jikin hakimai ranar hawan Sallah ko a Sallar Gani ta Daura kayan sarauta ne, da ƙa'idarsu. Wannan fage ba nawa ba ne, na mutanen fada ne, kai dai kada sha'awar kwarjini ta kai ka ɗaukar abin da za a tambaye ka wa ya naɗa ka.

Hula, takalmi da sauran ƙanana

Mutum zai kashe dukiya a shadda ya ɗora mata hular inji, duk ya rushe. Fuska ake fara kallo, hula kuma a kanta take. Samu hula uku na aikin hannu, zanna ko damanga ko kube, irin waɗanda Maiduguri da Bama suka yi fice a kai, masu launi biyu ko uku marasa faɗa da juna. Juya cikinta za ka gane ta hannu, zaren ba ya tafiya sak kamar na inji. San lambar kanka, ko 22 ce ko 22 da rabi ko 23, kada ta matse ta bar maka zane a goshi, kada ta sauko kan kunne. Mai doguwar fuska ya rage tsayin hula, mai zagayayyar fuska ya ɗan ƙara. Kuma ba dole launin hula ya zama na riga sak ba, ya isa a samu zare ɗaya a cikinta da ya ɗauko launin rigar. Jar hula kuwa ka san a yanzu ana karanta ta da siyasa, sai ka saka ta da saninka. Kai wa masu wankin hula akai-akai, domin bakin da ya sha gumi da mai daga nesa ake hango shi.

Takalmi fata, baƙi ɗaya, ruwan ƙasa ɗaya, sau-ciki ko mai rabin rufi, sai sandal mai kyau na ranakun zafi. Babu ƙaton ƙarfe, babu tambari. Ƙasar nan ba baƙuwar fata ba ce, fatar jar akuyar Sakkwato ce a da aka riƙa ketare Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, kuma har yau akwai masu ɗinka takalmi da hannu da za su auna ƙafarka. Kada ka saka takalmi ɗaya kwana biyu a jere, bar shi ya sha iska. A goge shi kullum. Sannan ka dubi ƙafar kanta: a hunturu, sandal mai tsada da dunduniya mai faso ba sa haɗuwa. Dutsen goge kaushi da man shafawa sun fi wani sabon takalmi amfani.

Agogo ƙarami mai fuska fara ko baƙa, da madaurin fata ko ƙarfe mara walƙiya. Seiko ko Casio na gaskiya ya fi Rolex na jabu, domin waɗanda kake so su gan ka da shi su ne suka fi kowa sanin na jabun. Zinare da alharini zalla dama shari'a ta ɗauke wa maza, zoben azurfa ɗaya ya wadatar. Turare a shafa a jiki ko a singileti, kada a fesa mai maiƙo a kan farin yadi, tabonsa ba ya fita. Ma'auninsa shi ne wanda ya ba ka hannu ya ji, na ƙarshen sahu kada ya ji. Aski, gyaran gemu da yanke farce ba sai na tsaya a kansu ba.

Kayan Turawa ba fannina ba ne, don haka zan taƙaita. Kwat ɗaya mai shuɗi mai duhu ko ruwan toka, fararen riguna biyu, ya ishe ka ganawar neman aiki ko tafiya. Ko a gwanjo ka samu mai kyau, kai wa mai gyara ya daidaita kafaɗa da hannu. Ƙananan kaya na zaman gida su zama marasa rubutu. Da sanyi kuma, rigar sanyi siririya a ƙarƙashin kaftani ko falmaran a sama, ba jaket ɗin 'yan ƙwallo a kan shadda ba.

Wanki

Yawancin kayan da ake kawo mini ana cewa yadin ne ba shi da kyau, wanki ne ya kashe su. Shadda ba ta son garin sabulu mai ƙarfi, ba ta son a jiƙa ta ta kwana, ba ta son burushi. Sabulu mai laushi, ruwan sanyi, a wanke da hannu, a juya ta a shanya a inuwa. Ranar Katsina tana cin launi cikin 'yan watanni. A goge ta ta ciki, kuma idan dutsen gawayi ne a shimfiɗa ƙyalle a sama saboda tartsatsi. Sitati kaɗan. Wanda aka cika wa sitati har yana ƙara idan ka motsa, zarensa karyewa yake yi a wurin ninki. Shaddar da ta fara dusashewa a kai ta wurin masu bugu, su yayyafa mata ruwa su ɗora a kan gungume su bi ta da tabarya, za ta dawo da sheƙi mai sanyi wanda guga ba ta bayarwa. Fararen kaya a wanke su daban, bula kaɗan, kuma da ka cire a wanke wuyan kafin gumi ya zauna. Zauna da mai wankinka ka faɗa masa duk wannan sau ɗaya, ka ƙara masa wani abu a kan kuɗinsa.

Maganar kuɗi

Ba zan yanka maka adadi ba, domin farashin yadi dala yake bi, abin da na faɗa yau kafin wata Sallah ya zama labari. Tsari zan ba ka. Fara da fito da duk abin da ke durowar nan ka zube a gado. Wanda ka shekara ba ka saka ba, ka bayar, akwai masu buƙata a cikin dangi da maƙwabta. Wanda yadinsa ke da kyau amma zamansa ne bai yi ba, kawo wa tela, sau da yawa rage kafaɗa da hannu kawai yake nema, kuma kuɗin gyara bai kai rubu'in na sabo ba. Daga nan sai hula biyu da takalmi ɗaya na kirki, tun kafin ka sayi ko yadi ɗaya, domin su za su ɗaga tsofaffin kayan da ka rage. Sannan kaftani fari biyu, ruwan toka ɗaya, shuɗi mai duhu ɗaya, ana yi ana hutawa, ko da kala ɗaya ne duk bayan wata biyu ko uku. Babbar riga ita ce ta ƙarshe, a tara mata kuɗi a hankali, ko ta hanyar adashi. Kaya bakwai ko takwas masu zama da juna sun ishe ka mako, ofis da masallaci da taro.

Anko kuma sai ka koyi cewa a'a cikin ladabi. Na aminin da ba yadda za ka yi, ka yi, ka roƙi a zaɓi launin da za a iya sakawa bayan biki. Sauran ka je da farinka, ka ba ango gudummawar kuɗin a hannu, ya fi masa amfani.

Akwai inda aikina ya tsaya. Zan iya sa riga ta zauna a kafaɗarka, amma wasu daga cikin mutanen da kake kallo, abin da kake gani a jikinsu ya haɗa da yadda suke magana ƙasa-ƙasa, da rashin gaggawa, da cewa ba sa bin kowa da ido don su ga ko an kalle su. Wannan ba a shago ake ɗinka shi ba. Kuma idan aikinka na shiga rana ne da hawa babur, rage fari ka ƙara ruwan toka da ruwan ƙasa a ranakun aiki, ka ajiye fararen don Juma'a da taro. Idan za ka zo awo, taho da rigar da ka fi jin daɗinta a cikin tsofaffin, da takalmin da za ka riƙa sakawa, domin da shi za a auna tsawon wando.